Yadda Ake Fitar da Kunkurun Gida Lafiya Daga Hunturun Ƙanƙara

A arewacin Amurka da Kanada da wasu sassan Turai, da watan Oktoba ya kama sai mai kiwon kunkuru ya ga dabbarsa ta canza hali. Ta rage ci, ta rage yawo, tana ta tonon gindin shinge. Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumi da kansa, zafin wurin da yake shi ne zafin jininsa. Saboda haka idan sanyi ya sauko yakan shige ƙasa ko ƙarƙashin ruwa ya yi dogon baccin hunturu, wata uku zuwa biyar, ba ci, numfashi kaɗan, zuciya tana bugawa jefi-jefi. Abin da ya tara a jikinsa lokacin zafi shi yake ci a hankali, kamar yadda gaiwa ke cin jikinta cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo.

Mutane da yawa suna cewa ai a daji ba wanda ke haƙa masa rami, don haka a bar shi ya yi abinsa. Wannan magana tana da gibi. A daji kunkuru yana da faɗin ƙasa, ya zaga ya zaɓi gangaren da ruwa ba ya kwanciya, ko tsohon ramin wata dabba, ko gindin ruɓaɓɓen kututture. Duk da haka wasu suna mutuwa duk shekara. A bayan gidanka kuwa ka kewaye shi da shinge, kai ka zaɓa masa ƙasa, shi bai zaɓa ba. Idan ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, ko mai tauri ce da ba zai iya wuce taƙi ɗaya ba, a nan zai kwana, a nan kuma sanyi zai same shi. Duk aikin da zan bayyana a nan ƙoƙari ne na mayar masa da zaɓin da shingen ya ƙwace.

Zan ba da zafi da ma'aunin Salshiyas. Mazauna Amurka su riƙe cewa sifili shi ne 32 a ma'aunin Faranhait, digiri 5 shi ne 41, digiri 10 kuma 50.

Da farko, san wane iri ne a hannunka

Wannan mataki shi ke raba rai da mutuwa, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba kowane kunkuru ke baccin hunturu ba.

Babban kunkurun Sahel, wanda masu sayar da dabbobi ke kira sulkata, asalinsa daga ƙasashenmu ne: Senegal, Mali, Nijar, arewacin Najeriya, Cadi, Sudan har Habasha. Yana daga cikin waɗanda aka fi sayarwa a Amurka, saboda jaririnsa ƙarami ne mai ban sha'awa. Wannan kunkuru ramin da yake haƙa na gudun zafin rani ne, jikinsa bai san ƙanƙara ba. Ka binne shi a jihar Ohayo ta Amurka a watan Nuwamba, kabari ka yi masa. Haka kunkuru mai zanen damisa na gabashi da kudancin Afirka, da mai jan ƙafa na Kudancin Amurka, da mai zanen tauraro na Indiya, da kunkurunmu na kurmi mai lanƙwasa bayan ƙwarya. Duk waɗannan ɗaki mai ɗumi da fitila suke bukata har hunturu ya wuce.

Masu yin baccin su ne kunkurun akwati na Amurka, wanda masana ke kira Terrapene, mai gaɓa a ƙirji da yake rufe kansa ruf idan ya tsorata. Kunkurun Bahar Rum irin su Testudo hermanni. Kunkurun Rasha na ƙasashen Uzbekistan da Kazakistan da Afganistan. Sai kififiyoyin ruwa irin su mai zane da mai jan kunne. Ko a cikin waɗannan akwai bambanci. Kunkurun akwatin da asalinsa jihar Filorida ce mai ɗumi ba zai jure abin da na jihar Mishigan mai sanyi ke jurewa ba. Dangin kunkurun Bahar Rum da ke fitowa daga Tunisiya da Masar ma ba a sa su bacci. Idan mai shago bai gaya maka asalin dabbar ba, kai ta wurin likitan dabbobin da ya saba da masu rarrafe ya duba maka. Likitan karnuka da kyanwoyi zalla ba lallai ya gane ba.

Na biyu, shin wannan ɗin zai iya?

Irin ya dace, amma dabbar da kanta fa? A ƙarshen Agusta ko farkon Satumba a yi mata duba na tsanaki. Ido ya zama a buɗe, ba kumburi, ba kwantsa. Hanci a bushe, ba majina, ba kumfa, ba shaƙar numfashi. A buɗe baki a hankali, kada a ga fararen ɗigo-ɗigo ko ruɓa. A kunkurun akwati a duba gefen kai, domin sukan yi ƙurji a kunne wanda ke kumbura kamar ƙwallo. A duba ƙwarya ko da rauni ko wuri mai laushi. A kai kashi asibitin dabbobi a duba tsutsar ciki, kuma a yi wannan da wuri don magani ya gama aikinsa kafin sanyi. Mace kuma a tabbatar ba ta riƙe ƙwai ba.

Dalili shi ne, a cikin baccin garkuwar jiki ma bacci take yi. 'Yar murar da za ta warke a watan Yuli ita ce ciwon huhun da za a tarar a watan Maris.

Sai nauyi. A sami sikelin kicin mai nuna giram, a auna, a rubuta da kwanan wata. Ga Testudo hermanni da ɗan'uwansa Testudo graeca akwai lissafin da masu kiwo a Ingila ke yi, wanda ya samo asali daga aikin wani likitan dabbobi mai suna Oliphant Jackson. Ka auna tsawon ƙwarya a miƙe da santimita, ba tare da bin lanƙwasar baya ba. Ka ninka tsawon da kansa, ka sake ninkawa da shi, sannan ka raba nauyin giram da abin da ya fito. Misali kunkuru mai santimita 15 da giram 700: 15 sau 15 sau 15 ya ba da 3375, a raba 700 da shi a sami kusan 0.21. Daga 0.19 zuwa 0.21 lafiya lau. Idan ya sauka 0.17 ko ƙasa, ramammen kunkuru ne, bana ba bacci. Lissafin bai shafi kunkurun Rasha ko na akwati ba, siffar jikinsu daban ce. Su sai a gwada da nauyinsu na bara, a kuma ɗaga a ji: lafiyayye nauyi gare shi kamar dutse daidai girmansa.

Wanda ka saya bana, kada ka sa shi bacci bana, ba ka san tarihinsa ba. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara 3 ko 4 ma ni ba na goyon bayan a bar su a waje cikin tsananin sanyi. Jikinsu ƙarami ne, saurin bushewa da saurin daskarewa gare su.

Na uku, haƙa ramin tun ƙasa tana da laushi

Satumba ne lokacinsa. Wanda ya jira Nuwamba zai tarar diga tana tsalle a kan ƙasa. Mazauna Amurka su kira lamba 811 kafin su sa shebur, za a zo a nuna musu inda bututun gas da wayar lantarki suka bi, kyauta ne.

Wurin da za a zaɓa ya zama tudu. Ka tsaya ka duba bayan gidanka ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, duk inda ka ga ruwa ya kwanta ka cire shi daga lissafi, haka ƙarƙashin indararo. A ganina ruwa ya fi sanyi kashe kunkurun da ke bacci. Ana tsakiyar Janairu sai a yi kwana biyu na ɗumi, dusar ƙanƙara ta narke, ruwa ya gangara ya cika ramin, dabbar tana ciki ba ta da ƙarfin fitowa. Ko ta nutse, ko daren da sanyi ya dawo ruwan ya daskare da ita. Don gwaji, haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 60, ka cika shi da ruwa. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwan, ƙasar ba ta yi ba. Sai dai ka gina tudu a bisa: ka kewaye wuri da katako ko bulo, ka cika shi da ƙasa, ramin ya koma sama da bakin ƙasa.

Wurin ya samu kariya daga iskar arewa, jikin katanga ko shingen itatuwa. Kada kuma ya zama inda rana ke duka tun safe har yamma, domin ranar Fabrairu takan ɗumama saman ƙasa ta yaudari kunkuru ya hauro kafin lokaci.

Zurfi fa? Nan sai ka san iyakar da sanyi ke ratsa ƙasa a garinku. Ofishin da ke ba da izinin gini ya san wannan, domin da shi ake yanke zurfin harsashin gida. A jihar Minesota dokar gini ta sa inci 42 a kudanci da inci 60 a arewaci, wato kamar santimita 107 da 152. A jihohin tsakiya irin su Bajiniya da Kentaki bai kai haka ba ko kusa. Wannan adadi na ƙasar da ba a rufe ta da komai ba ne, a shekara mafi muni. Tarin ganye da dusar ƙanƙara suna rage shi ƙwarai. Shi ya sa kunkurun akwati na gabashin Amurka yakan wuce hunturu a daji da zurfin da sau da yawa bai kai taƙi ɗaya ba, a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, yana ƙara nutsawa idan sanyi ya ƙaru. Ɗan'uwansa na filayen ciyawa kuwa, a rairayin jihar Wiskonsin, yakan wuce mita 1.

Ga mafi yawan wurare rami mai faɗin mita 1 kowane gefe da zurfin santimita 60 zuwa 90 ya isa. Inda sanyi ke ratsa ƙasa fiye da mita 1, shawarata ita ce kada a bar dabbar a waje kwata-kwata, a bi hanyar akwati da zan kawo a gaba.

Bayan haƙa, zuba tsakuwa santimita 10 zuwa 15 a gindi don ruwa ya samu wurin tsiyayewa. Shimfiɗa ragar waya mai ƙananan idanu, wadda idonta bai wuce rabin inci ba, a gindi da bangon ramin duka, ta fito sama kaɗan. Ragar kaji ba ta yi ba, ɓera yana ratsa ta. Wannan raga ba ado ba ce. Ɓera da gafiya idan suka sami kunkuru yana bacci sukan gaigaye ƙafafunsa har ƙashi, shi kuwa ba ya iya ko janye su. A Amurka akwai kuma rakun, dabbar nan mai baƙin zane a ido da hannu kamar na yaro, gwanar tono da buɗe murfi. Karen gida ma kada a yarda da shi.

Sannan a cika ramin da ƙasa mai laushi: ƙasar sama, da ruɓaɓɓen ganye, da ɗan yashi, a gauraya. Kada a haɗa da taki na zamani ko ƙasar da aka yi wa feshin magani, kada kuma a sa ɗanyen kashin dabbobi, yana yin zafi idan yana ruɓewa. Ba a dannewa. Abin da ake so shi ne ka iya tura hannunka har gwiwar hannu ba tare da wahala ba, domin idan sanyi ya matsa, kunkurun ya iya ƙara yin ƙasa da kansa. Damshi kuma, ga kunkurun akwati, ka damƙi ƙasar ta dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga. Na Rasha bushewa yake so, ɗan busasshiyar ƙasa ne, damshi da sanyi tare suna ruɓar masa da ƙwarya su kama masa huhu. Shi ya sa a ƙasa mai yawan ruwan hunturu kamar Ingila ba a cika barin shi a lambu ba.

Kafin ka rufe, binne ma'aunin zafi. Akwai mai doguwar waya da ɗan kai a ƙarshe, wanda ke riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman zafin da aka yi. Sayi biyu. Kan ɗaya ya zauna a zurfin santimita 15, ɗayan a kusa da gindi, allon karantawa kuma a rataye shi a turke cikin leda ko gwangwani. Ba tare da wannan ba, duk hunturun canki-canki za ka yi.

Na huɗu, a wofintar da ciki, a cika mafitsara

Daga Agusta a kyautata abinci. Kunkurun akwati yana cin tana da ƙwari da ganye da 'ya'yan itace, a ƙara masa karas da kabewa da dankalin Hausa saboda bitamin A, wanda rashinsa ke kawo kumburin ido. Na Bahar Rum da na Rasha ganye da ciyawa kawai.

Idan zafin rana ya fara tsayawa ƙasa da digiri 15, za ka ga ya rage ci da kansa. A nan sai a janye abinci gaba ɗaya. Ƙarami mako biyu, babba mako uku zuwa huɗu. A wannan lokacin kada ya shiga sanyi mai tsanani tukuna, yana bukatar ɗan ɗumi, kamar digiri 13 zuwa sama, don hanji ya gama aikinsa. Abincin da ya rage a ciki idan sanyi ya tsayar da narkewa ruɓewa yake, ya yi iska, ya zama guba. Yara su ne matsala a nan, tausayi zai sa su miƙa masa ɗan tumatir a ɓoye. A zaunar da su a yi musu bayani.

Ruwa kuwa akasin haka. Kowane kwana biyu a sa shi a roba mai ruwa mai ɗan ɗumi, iya haɓarsa, na minti 20. Zai sha, zai yi kashi. Kunkuru yana ajiye ruwa a mafitsara ya riƙa janyo shi cikin jiki lokacin bacci, wannan shi ne guzurinsa. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan da ƙwaryarsu ba ta kai inci 4 ba tun 1975.

A auna nauyi na ƙarshe a rubuta. Sannan a bar shi a shingen da ramin yake, ya shiga da kansa. Ba a tura shi ƙasa a binne. Wanda ya ƙi shiga har aka fara daskarewar dare, yana zaune a sarari, yana gaya maka wani abu ne, galibi rashin lafiya. Ɗauke shi zuwa ɗaki.

Na biyar, rufi

Da ka tabbatar ya nutse, sai a tara busasshen ganye a kai. Ba a zuba duka rana ɗaya. Fara da santimita 20 ko 30, idan sanyi ya kankama a ƙara har tarin ya kai santimita 60 zuwa 90, ya kuma zarce bakin ramin da rabin mita ta kowane gefe, domin sanyi yana shiga ta gefe ma. Ganyen itacen oak ya fi, ba ya saurin lanƙwamewa ya zama tabarma mai jiƙa. Bambaron alkama yana riƙe ɗumi sosai amma yana kiran ɓera, in za a sa shi ya zama a saman raga. A rufe da murfin ragar waya mai firam, a ɗaure ko a danne da bulo.

A bisa wannan a ɗora ɗan rufi mai gangare, faifan katako ko kwano a kan bulo, gefensa a buɗe. Ruwan sama ya zame, iska ta ratsa. Kada a naɗe tarin da leda ko tamfol ruf, gumi zai taru a ciki, iska kuma ta yanke.

Dusar ƙanƙara abokiya ce. Iska ce cike a cikinta, bargo ce ta gaske. Idan kana share hanya, watsa ta a kan tarin da kewayensa, muddin ba ta haɗu da gishirin da ake zubawa a titi ba. Daren da ya fi haɗari shi ne na sanyi mai tsanani da sarari garau ba dusa ko kaɗan a ƙasa.

Na shida, gadi

Abin da kake nema a ma'auni shi ne digiri 3 zuwa 7, 5 ne tsakiya. Sama da 10 jikin dabbar yana farkawa ya riƙa ƙona guzuri alhali ba ya ci, ya fito a rame ko kada ya fito. Ƙasa da sifili kuwa ruwan ido da ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa. Gaskiya ne bincike ya nuna kunkurun akwati na gabas yana iya rayuwa ko da fiye da rabin ruwan jikinsa ya daskare na 'yan kwanaki. Wannan baiwa ce ta fita kunya a daren da aka yi rashin sa'a, ba abin da za ka gina shiri a kai ba ne. Na Bahar Rum ba shi da ita, dare ɗaya na daskarewa yana iya makantar da shi.

Duba ma'auni kullum da safe, lokacin da sanyi ya fi sauka. Ka kuma riƙa bin hasashen yanayi na mako. Shirinka ya zama na shekara mafi muni, ba na shekarar da aka saba ba. A ƙarshen Janairun 2019 sanyi a birnin Miniyafolis na jihar Minesota ya kai kusan digiri 33 ƙasa da sifili. A Fabrairun 2021 birnin Dalas na jihar Tekzas, inda mutane ba su saba shirin ƙanƙara ba, ya ga kusan 19 ƙasa da sifili, ga kuma ɗaukewar wuta ta kwanaki.

Idan ma'aunin sama ya sauka 2 yana ci gaba da sauka, ƙara ganye, jera buhunan ganye ko dauri-daurin bambaro a kewaye, ɗora tsohon bargo a ƙarƙashin rufin. Idan na ƙasa ya kai 1, ko ka ga alamar ruwa ya shiga, lokacin tono ya yi. Da hannu ake yi, ba da shebur ba.

Shi ya sa tun Oktoba ake ajiye shiri na biyu. Roba mai murfi da aka huda ramukan iska, an cika ta da irin ƙasar ramin, an sa ta cikin babban kwali da aka cusa wa yagaggun takardu ko soso a tsakani. Wurin ajiyewa shi ne ɗakin ƙasa ko garejin da ka riga ka auna ka ga yana zama tsakanin 3 da 7. Garejin da ba ya jingine da gida yakan daskare kamar waje, kada ka ɗauka rufin kwano kariya ne. Masu kiwo da yawa a Turai firji suke amfani da shi, na daban ba na abinci ba, suna buɗe ƙofar kullum na ɗan lokaci don iska ta canza. Abin zai yi wa baƙo wani iri, amma firji ya fi kowane rami riƙe digiri 5. Kunkurun da ka tono daga sanyi wannan akwatin za ka kai shi, kada ka kai shi gaban hita.

A akwati ana iya auna nauyi duk mako biyu zuwa huɗu, taɓawa ta minti ɗaya ba ta tashe shi. Ragin da ake yarda da shi kamar kashi 1 cikin 100 ne a wata. Idan ya zarce haka sosai, ko ka tarar ya yi fitsari, guzurin ruwansa ya zube, sai a tashe shi. A rami ba ka da wannan dama, kuma wannan ita ce babbar asarar barin shi a waje. Kada ka riƙa tono don ka gani, kowane tono yana rushe rufin da ka gina.

Wani lokaci a tsakiyar hunturu za a yi kwanakin ɗumi ka tarar da kunkurun akwati ya leƙo. Ka ba shi ruwa, kada ka ba shi abinci, ka tabbatar ya koma ƙarƙashin ganye kafin magariba. Idan yana ta fitowa, ko ido ya kumbura, ko hanci na zuba, baccin bana ya ƙare. A shigar da shi ɗaki, a ɗumama shi a hankali, a kunna masa fitilar zafi da ta hasken UVB mai maye masa gurbin hasken rana, a ci gaba da ciyar da shi har bazara. Wanda ya farka sosai ba a mayar da shi.

Kififiyar da ke cikin tafkin gida

Ita lissafinta daban ne, kuma a wata fuskar ya fi sauƙi. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, saboda haka idan sama ta daskare, gindin tafki mai zurfi yana zama kusa da 4. Kififiya tana kwanciya a can, tana tsotsar iskar oksijin daga ruwa ta fata da cikin maƙogwaro da dubura. Mai zane ta fi kowa juriya, a ruwa mai digiri 3 tana iya yin watanni ba oksijin sam, tsamin da ke taruwa a jininta kuma ƙwaryarta ce ke sakin kalsiyam ta kashe shi. Mai jan kunne, wadda asalinta kwarin kogin Misisifi ne, ba ta kai ta ba. Mai taushin ƙwarya kuwa ba ta jure ruwan da iska ta ƙare masa.

Sharaɗi na farko zurfi. Inda sanyi ke da sauƙi santimita 60 na iya isa, inda yake da tsanani a nemi mita 1 zuwa sama. Abin lura shi ne a sami aƙalla santimita 30 zuwa 45 na ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara mafi kauri da ake yi a garinku. Baho ko tankin da ke zaune a kan ƙasa daskarewa yake har gindi, ba wurin hunturu ba ne.

A kaka a shimfiɗa raga a kan tafkin don tare ganye, a kwashe ruɓaɓɓen da ya taru a ƙasa. Ruɓa tana cinye oksijin ta saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ƙanƙara ta rufe kuma ba ta da mafita. A bar ɗan yashi ko 'yar laka kaɗan da za ta lafe a ciki. A daina ba da abinci idan ruwa ya sauka wajen digiri 10.

Sai a tabbatar akwai kafa a buɗe a ƙanƙarar duk hunturu. Ƙaramar hita mai yawo a kan ruwa tana yin wannan, tare da injin hura iska. Dutsen da kumfa ke fita ta cikinsa a rataye shi a tsakiyar zurfi ko kusa da sama, a gefe. Idan aka sa shi a gindi zai juya ruwan, ya kai mai sanyin sama inda dabbar take kwance. Saboda wannan dalili a kashe famfon da ke zubo ruwa daga sama. Soket ya zama irin mai yanke wuta da kansa idan ruwa ya taɓa. In kafar ta toshe, kada a fasa da guduma, girgizar tana ratsa ruwa. A ɗora tukunyar ruwan zafi a kan ƙanƙarar ta narke da kanta, da igiya a hannun tukunyar. A share dusa daga wani ɓangare don haske ya shiga, tsirran ruwa su ci gaba da ba da iska. Gefen tafkin kuma ya kasance da gangare mai kaushi, domin kififiyar da ta farka da sanyi a jiki ba ta da ƙarfin hawa leda mai santsi.

Fitowa

Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu, gwargwadon wuri, ma'aunin sama zai fara tsayawa kusa da 10. Riƙa rage ganye kaɗan-kaɗan a cikin mako biyu, ka bar wani tari a gefe saboda sanyin dare yakan dawo. Ɗaga murfin ragar da rana ko ka bar masa sarari a ƙarƙashinsa, kada ya hauro ya tarar da kansa a kulle. Ajiye kwanon ruwa mara zurfi a kusa.

Ranar da ya fito, wanka da ruwa mai ɗan ɗumi shi ne farko, kullum har mako guda. Sha ya fi ci gaggawa, domin ƙoda ta tara dattin watanni. A auna shi a gwada da nauyin kaka. A duba ido, hanci, baki da ƙafafu ko akwai cizon ɓera. Yana bukatar wurin shan ɗumi mai kusan digiri 30 kafin cikinsa ya karɓi abinci, idan rana ba ta bayar ba a kunna fitila. Mafi yawa suna fara ci cikin mako ɗaya. Wanda ya wuce haka bai ci ba, ko yana zagaye wuri ɗaya, ko kansa ya karkace, ko yana karo da abubuwa kamar ba ya gani, alamun sanyi ya taɓa shi ne, a kai shi asibiti a ranar.

Wanda aka tono aka same shi sanƙarau ba motsi, kada a yi saurin binne shi. A ajiye shi a wuri mai sanyi-sanyi ya narke a hankali, sannan a matsar da shi zafin ɗaki, a ba shi kwana ɗaya ko biyu ana taɓa ƙafar baya ana duba ko za ta janye. Idan ta motsa ko kaɗan, a naɗe shi a tawul a tafi wurin likita.